Yadda nake hawan dutse da kaka a Kano

A Ƙofar Mazugal na tashi, gindin Dala, don haka ba zan iya tuna ranar da na fara hawa dutse ba. Sai dai hawan da nake nufi ba na bin matattakala ba ne, na kama jikin dutse da hannu da ƙafa ne. In kana son gwadawa, kaka ce lokacinsa, daga tsakiyar Oktoba zuwa Nuwamba. Ruwa ya ɗauke, gansakukar da ke sa santsi ta bushe, hunturu kuma bai kankama ba balle ya tsattsaga maka yatsu.

Fara da sanin dutsen da za ka taɓa. Dala da Goron Dutse na marmara ne, kuma marmara ba ta da amana. Na taɓa riƙe wani ƙullutu a Goron Dutse, na ɗora masa nauyina, ya ɓalle a hannuna kamar busasshen tuwo. Tabon yana gwiwata har yau. Saboda haka Dala ka bar ta don ƙarfafa ƙafa: bi matattakala sau uku a mako, ka huta a sama, inda aka ce Barbushe yake ganawa da Tsumburbura. Hawa na gaske sai duwatsun Fanisau, can Ungogo, masu tauri da kaushi, waɗanda takalmi ke kamawa.

Muna fita da an idar da sallar asuba, mu uku. Kada ka je kai kaɗai. In kun isa ku fara gaida mai unguwa, ku kuma bi gefen gona, don dawa tana tsaye ba a girbe ba.

Takalmi mai ƙasan roba, wanda ya ɗan matse ka. Silifas a bar shi a gida. Garin alli a 'yar jaka saboda gumin hannu, ruwa lita 2 kowa, da tsohuwar katifa da za a shimfiɗa a gindin dutse. Wando kuwa sa wanda ka yafe, domin ƙarangiya ba ta ƙyale kowa a wannan lokaci. Maganar igiya: ta hawan dutse daban take, tana miƙewa ta shanye girgizar faɗuwa. Igiyar guga ko ta ɗaure kaya ba ta yin haka. In ba ka da ta gaske da wanda ya iya riƙe ta, kada ka wuce tsayin mita 3.

Sabon shiga da hannu yake jan jikinsa, minti biyar damatsansa sun mutu. Ƙafa ce ke hawa, hannu riƙo kawai yake yi. Taka da kan babban yatsa, ka matso da ƙugunka jikin dutse, ka bar hannuwanka a miƙe. Gaɓa ɗaya za ka motsa a lokaci guda, sauran ukun suna dafe. Kafin ka amince wa mariƙi, ƙwanƙwasa shi. In ya yi amon fanko, ƙyale shi. Abokinka yana ƙasa da hannuwa a sama, ba don ya cafe ka ba, don ya karkata ka kan katifa ya kare maka kai.

Kada ka zura hannu a tsagar da ba ka leƙa ba. Kububuwa da kunama suna fakewa a ciki, in kuma ka ji gunjin ƙudan zuma, canza dutse kawai.

Tun kana ƙasa ka nemo hanyar sauka, don ta fi hawa wuya, ido ba ya ganin matakin ƙafa. Mu dai ƙarfe 11 mun sauko, dutse ya fara ƙona tafin hannu. Sai mu nemi inuwa, a fito da gurasa da ƙuli-ƙuli, mu zauna cirar ƙarangiya.