Yadda za ka bi labarin makaman kakkaɓo jirage na Iran ba tare da an ruɗe ka ba

Tun yaƙin kwana 12 da aka gwabza tsakanin Isra'ila da Iran a watan Yunin 2025, kusan kullum sai ɗalibaina na da sun turo mini bidiyon fareti a WhatsApp, manyan motoci na wucewa ɗauke da bututu, su ce, "Malam, wannan fa?" Ga yadda ni nake bi in tantance.

Kafin ka kalli makami mai linzamin, nemi rada. Garkuwar sama aikin taron dangi ce: rada mai hango jirgi daga nesa, wata radar mai bin sa tana jagorantar makamin, motar ba da umarni, sannan motar harbi. Idan bututu kaɗai aka nuna maka, kashi ɗaya ka gani. Shi ya sa a harin da aka danganta wa Isra'ila a Afrilun 2024 kusa da birnin Isfahan na Iran, radar garkuwar S-300 ƙirar Rasha rahotanni suka ce an auna. In aka tsiyaye wa mafarauci ido, kwarinsa na nan cike da kibau amma ba su da amfani.

Sai ka tambaya: daga ina ya fito? Hawk na Amurka ne tun zamanin Shah, sarkin Iran na da, daga baya Iraniyawa suka ƙera irinsa suka sa masa Mersad. S-200 na Tarayyar Sobiyet ne. S-300 kuwa an ƙulla cinikinsa da Rasha a 2007, shugabanta na lokacin Medvedev ya dakatar a 2010 bayan takunkumin Majalisar Ɗinkin Duniya, bai iso ba sai 2016. Wannan jan ƙafar ne ya sa Iran ta duƙufa kan nata, Bavar-373, wanda Shugaba Rouhani ya ƙaddamar a Agustan 2019.

Ka koyi karanta sunayen, nan ne na fi jin daɗin abin. Sayyad, sunan makaman da Bavar ke harbawa, mafarauci ke nan. Bavar kuma imani ne da Farisanci. Ita 373 na zauna da biro da takarda na buga ta da kaina: jimillar haruffan "Ya Rasulallah" ce a lissafin abjadi. Sai dai ka lura, a hisabin mutanen gabas harafin sin 60 take; in ka bi na Magrib da malamanmu suka saba, inda take 300, lissafin ba zai fito ba. Akwai kuma garkuwarsu Khordad-3 da Khordad-15. Khordad wata ne a kalandarsu. Uku ga Khordad ita ce ranar da suka ƙwato birnin Khorramshahr daga hannun Iraƙi a 1982, sha biyar ga wata kuma boren da aka yi wa Shah a 1963 ne. Saboda haka Khordad-15 ba wai ya ninka Khordad-3 sau biyar ba ne, kwanan wata ne kawai.

Batun nisan zango, ka riƙe shi da hannu biyu amma kar ka haɗiye. Iran ta ce Bavar na kaiwa kilomita 200, daga baya ta ce 300 da Sayyad-4B. Faɗin mai kaya ne. Kuma jirgin da ke tafiya ƙasa-ƙasa a bayan tsaunukan Zagros, rada ba za ta gan shi ba sai ya matso.

Abin da ya fi awo shi ne abin da makamin ya taɓa yi. Ranar 20 ga Yunin 2019 Iran ta harbo jirgin leƙen asirin Amurka marar matuƙi, Global Hawk, a yankin mashigin Hormuz, ta ce da Khordad-3 ta yi. Amurka ta amsa an harbo shi, gardamar a kan inda yake ne.

Ɗayan kuwa har yau ina jin sa a raina. Ranar 8 ga Janairun 2020, makamai biyu na Tor-M1, ƙirar Rasha, suka samu jirgin fasinjan Yukren da ya tashi daga Tehran. Mutum 176 suka rasu, da yawansu ɗalibai ne masu komawa karatu Kanada. Kwana uku hukumomi na musantawa, sai ranar 11 suka amsa cewa dakarunsu ne suka ɗauke shi makamin abokan gaba. Tun daga nan, duk labarin "an kakkaɓo" da ya shigo wayata, ko wane ɓangare ya faɗa, sai na ga hoton tarkace, na duba ranar da aka ɗauke shi, na bar shi ya kwana uku kafin in tura wa kowa.