Ɗaurin aure a jirgin ruwa: wuraren da ango da amarya suka fi tuntuɓe

Tun da hotunan bukukuwan da ake yi a manyan jiragen ruwa na yawon shaƙatawa suka fara yawo a wayoyi, wasu samarinmu na Garwa da Marwa da Njamena suka ƙwallafa rai sai a tsakiyar teku za a ɗaura musu. Ɗan ƙanwata ma ya zo mini da zancen: "Kawu, ai kyaftin ne zai ɗaura, a ba mu takarda, shi ke nan." Ban hana shi ba, amma na zaunar da shi, don a nan kuskuren farko yake.

Ba kowane kyaftin ne doka ta ba ikon ɗaura aure ba. Jirgi a tsakiyar teku yana bin dokar ƙasar da ya yi rajista a cikinta, wadda tutarta ke bisansa. Bamuda da Malta da Bahamas suna cikin waɗanda suka yarda. Kamfanin Cunard ma a 2011 ya kwashe rajistar jiragensa daga Ingila zuwa Bamuda, har da neman wannan dama. A wasu jiragen kuwa biki kawai ake shiryawa, da furanni da mai hoto, takardar da za a miƙa muku ta ado ce. Kafin ku biya ko sefa ɗaya, ku sa kamfani ya amsa a rubuce: tutar wace ƙasa ce, kuma wace hukuma za ta fitar da takardar?

Ko da doka ta ba kyaftin iko, shi ba waliyyi ba ne. Aure a wajenmu sai da waliyyin amarya, da sadaki, da shaidu biyu, da siga, wato kalmomin bayarwa da karɓa. A ɗaura a gida, a ƙofar gidan uban yarinya ko a masallaci, a shafa fatiha a raba goro da dabino, sannan a tafi jirgi a matsayin miji da mata.

Abin da ya fi damuna, kuma ba a cika faɗa ba, shi ne zancen mace fiye da ɗaya. A Kamaru, in kun je gaban magajin gari ana tambayarku tsarin da kuka zaɓa, mace ɗaya ko fiye, a rubuta a takardar aure. Dokar ƙasar kuma ta ce a liƙa sanarwa wata guda kafin ranar. Dokar Bamuda ko ta Malta ba ta san wannan zaɓi ba, mace ɗaya ce tak. Wanda ya taɓa aure za a nemi ya kawo shaidar saki ko ta rasuwar matarsa. To Alhajin da ke da uwargida a Ngaundere, ya tashi ƙarin aure a jirgi, me zai rubuta? In ya ce shi gwauro ne ya yi ƙarya a takardar hukuma, laifi ne, kuma amaryar ce za ta ɗanɗana kuɗarta ran da aka zo rabon gado. Mai auren fari ma ya yi tunani, don takardar na iya tsaya masa a wuya nan gaba. Ku gama da magajin gari a gida.

Sai biza. Jirgin da zai tashi daga Basalona ko Marsai ko Jenowa yana buƙatar bizar Shengen, wato ta shiga ƙasashen Turai da dama, na Miyami kuma ta Amurka, kuma kowace tashar da za a tsaya tana da nata sharaɗi. Fasfo ya kasance da sauran wata shida aƙalla, a riƙe katin rigakafin shawara. A duba rubutun suna harafi da harafi: wanda fasfonsa ya ce Mahamat ko Mohamadou kada a rubuta masa Muhammad a tikiti, ana iya mayar da shi daga bakin jirgi.

'Yan rakiya fa? Duk wanda zai ga bikin a teku fasinja ne, sai an biya masa ɗaki. Yuro ɗaya kusan sefa 656 ne, kowane yuro dubu ya haura sefa dubu 655, ban da kuɗin jirgin sama daga Duwala ko Njamena. Ku lissafa goggo da inna da ƙawaye kafin ku yi musu alkawari. Mai ciki da ya kai mako 24 yawancin kamfanoni ba sa ɗaukarta.

A ƙunshin bikin da suke sayarwa galibi akwai giyar shampen. Ku ce a musanya da lemo, ku nemi abincin halal tun makonni kafin tafiya. Alƙibla tana juyawa yadda jirgi ke juyawa, sai a duba kafin kowace salla. Wanda iyakar saninsa da ruwa kwalekwalen Binuwai ne ko na Logon, ya sayi maganin jiri da amai tun a gida, ya kuma nemi ɗaki a tsakiyar jirgi, hawa na ƙasa, inda tangaɗin ya fi sauƙi.