Yadda za ka tsara addu'ar kullum a zango ba tare da ka gaji a mako na biyu ba

Shekarar da na ƙudura zan zama mai addu'a sosai, na je na sayo ƙaton littafin Addu'ar Sa'o'i, wato zaburoyi da addu'o'in da Cocin Katolika ta tsara wa lokutan yini, irin wanda ake gani a hannun Fada, mai zaren alama kala-kala. Kwana goma sha ɗaya muka yi da shi. Ranar sha biyu na buɗe na rasa ko wane mako muke ciki, na yi ta juya shafi har kokona ya huce, daga nan littafin ya koma saman kwabar shagona yana shan ƙura tare da ragowar yadi.

Maƙwabcina ne ya warware mini matsalar, shi kuwa Musulmi ne. Da na yi masa ƙorafi sai ya yi dariya ya ce, "Tela, ka taɓa ganin na nemi salla a cikin littafi? Lokaci ne ke kirana." Na ce, "Baba Alhaji, gaskiyarka." Mu 'yan Katolika na Nima da Mamobi a Accra, waɗanda iyayenmu suka gangaro daga Navrongo da Bolga da Jirapa a arewacin Ghana, Hausa ta haɗa mu da maƙwabta, muna zaune a unguwar da ake sanar da lokaci sau biyar a rana kyauta. Tsarin da zan ba ka a kan wannan na gina shi.

Da farko, kafa lokaci kafin ka sayi komai. Cocinmu tana da tsohuwar addu'a mai lokuta uku, wato Mala'ikan Ubangiji, wadda ake kira Angelus: shida na safe, sha biyu na rana, shida na yamma. Ayoyi uku ne gajeru, bayan kowace ka yi "A gaishe ki Maryamu" sau ɗaya, sai addu'ar rufewa. Ba ta kai minti uku ba. A Accra rana tana fitowa wajen shida, ta faɗi wajen shida, duk shekara ba ta kaucewa da yawa, saboda haka gari na wayewa ka yi ta safe, ladan na kiran magariba ka ajiye almakashi ka yi ta yamma. Ta tsakar rana ce mai wuya, ita ka sa wa ƙararrawa a waya. Daga Ista zuwa Fentikos, kwana 50, ana musanya ta da addu'ar Sarauniyar Sama.

Wata guda cur kada ka ƙara komai a kan wannan. Na san zuciya za ta ce ya yi kaɗan. Ita ce dai zuciyar da ta sa na sayi ƙaton littafin nan.

Idan watan ya cika, sai ka ɗora karatun ranar a kan addu'ar safe. Ba sai ka zaɓi aya da kanka ba, domin kowace rana tana da karatun da ake yi a Misa kusan ko'ina a duniya. Na Lahadi yana zagayawa a shekara uku: shekarar A Matiyu, B Markus, C Luka, ana saka Yohanna musamman a lokacin Ista. Nemi jerin karatun a wurin katakis, wato malamin koyar da addini a coci, ko ka kwafe na mako daga takardar sanarwar coci. Karanta Bishara kawai, a hankali, ka ɗauki jimla ɗaya ka tafi da ita wurin aiki. Wajen sayen Littafi Mai Tsarki kuma ka duba jerin littattafan da ke gaba: na Katolika 73 ne, idan ba ka ga Tobit da Yudit da Makabiyawa ba, to mai 66 ne a hannunka, akwai ranakun da za ka nemi karatun farko ka rasa.

Sai Rosari, wanda mutanenmu da yawa ke ce wa carbi. Nan ne aka fi yin kuskure, don ana ɗauka dole sai an durƙusa an gama shi a zama ɗaya. Gida biyar ne, kowane gida "Ubanmu" ɗaya, "A gaishe ki Maryamu" goma, "Ɗaukaka ga Uba" ɗaya, kana tunani a kan asiri guda daga rayuwar Yesu da mahaifiyarsa. Duka yakan ci kamar minti ashirin, gida ɗaya kuwa minti huɗu. Raba shi. Ni nakan yi gida biyu a trotro, motar hayarmu, idan zan je kasuwar Makola sayen zare, carbin yana cikin aljihu, yatsa na tafiya a kansa. Yaron mota zai katse ka da neman kuɗi, wata mai kaya za ta taka maka ƙafa, ka riƙe ƙwayar da ka tsaya a kanta, ka biya, ka ci gaba. Sauran ukun da dare.

Ka haddace rabon ranaku don kada ka riƙa tambaya: asiran farin ciki Litinin da Asabar, na baƙin ciki Talata da Juma'a, na ɗaukaka Laraba da Lahadi, na haske Alhamis. Waɗannan na hasken Fafaroma John Paul na biyu ne ya ƙara su a 2002, shi ya sa idan ka gaji tsohon littafin addu'ar kakarka za ka tarar da asirai 15 maimakon 20. Littafin bai lalace ba, rubuta biyar ɗin a bangon baya. In kana son ka shiga da ƙarfin jama'a, fara a watan Mayu ko Oktoba, lokacin da ake taruwa a yi shi tare a coci.

Masu son addu'ar Jinƙan Allah ta ƙarfe uku, sa'ar mutuwar Yesu, da carbin nan ake yin ta, kuma ta fi Rosari gajarta. Kiran la'asar zai tuna maka idan ka manta.

Addu'ar dare ita ce na fi so, ita ce kuma ba na yarda a yi wasa da ita. Kafin ka kwanta, zauna a bakin gado ka bi ranar daga safe: me ka samu da za ka gode, wa ka yi wa ƙarya a kan ranar karɓar ɗinki, wa ka ɗaga wa murya. Yi addu'ar tuba. Sannan Zabura 91, sai waƙar tsoho Saminu da ke Luka 2:29-32. Wannan zaburar ta daren Lahadi ce, amma Coci ta yarda a riƙa maimaita ta kowane dare don a iya haddace ta, kuma duk wanda ya sha ɗaukewar wuta a Accra ya san amfanin addu'ar da ba ta bukatar fitila. Idan akwai yara a ɗaki, ba su waƙar Saminu su riƙa ja, gajeriya ce. Wani lokaci za ka ga Zabura 91 ɗin da lamba 90 a tsofaffin littattafai, bambancin ƙirga ne kawai.

Yanzu ne ya kamata ka je sayen littafi, bayan wata uku ko huɗu. Ƙarami mai addu'o'in yau da kullum, da asiran Rosari, da Hanyar Gicciye, da shirin zuwa furta zunubi ya ishi yawancinmu. Na Hausa galibi daga arewacin Najeriya suke fitowa, sai ka yi wa mai tafiya Kaduna ko Jos sautu. Kuma ba laifi ka karanta da Turanci ka yi roƙonka da Dagaare ko Frafra ko Hausa.

Wanda ya ji yana son Addu'ar Sa'o'i, hanya a buɗe take, tun 1963 Majalisar Vatican ta biyu ta ƙarfafa wa sauran masu bi gwiwa su riƙa yin ta. Amma sayi gajeren bugu mai addu'ar safe da ta yamma da ta dare kaɗai. Zaburarsa tana zagayawa a mako huɗu, da safe ana yin waƙar Zakariya, da yamma waƙar Maryamu. Kai shi wurin katakis bayan Misa a St. Kizito ko cocin da kake zuwa, ka ce, "Malam, sa mini zaren nan a inda muke." Haka za ka yi Lahadi huɗu a jere, hannunka zai saba. Manhajoji irin su iBreviary da Universalis suna jera maka komai na ranar, sai dai WhatsApp yana nan kusa da su, ka kashe data kafin ka fara.

Ranar da ka tsallake, kada ka tara bashi ka ce za ka rama gobe. Irin su firistoci ne aka ɗora wa wajibcin Addu'ar Sa'o'i, kai abin da ke wuyanka shi ne Misar Lahadi da ta manyan ranakun idi. Ka kama daga lokaci na gaba da ya zo. Makon jajibirin Kirsimeti, da ɗinki ya taru har ina kwana a shago, komai nawa yakan zube sai Mala'ikan Ubangiji ta magariba, ita ma a tsaye nake yin ta, da tef a wuya.