Ga masu son yawon keke a ƙauyukan Faransa

'Yan uwa, duk wanda ya samu kansa a Faransa kuma yana tsoron motoci, ya nufi kudancin yankin Burgundi. Akwai tsohon layin dogo da aka shimfiɗa wa kwalta, aka bar wa masu keke da masu tafiya a ƙasa; tun 1997 aka buɗe ɓangaren da ya tashi daga garin Givry zuwa garin Cluny. Da yake jirgin ƙasa ba ya son hawa, hanyar kusan a shimfiɗe take, ko yaro zai iya. Gonakin inabi ne dama da hagu, sai ƙauyuka irin su Buxy da Cormatin.

Abin da ya fi kama baƙo shi ne yunwa. Shagunan ƙauye sukan rufe da tsakar rana, wasu ma ba sa buɗewa ranar Litinin, don haka a sayi burodi da cuku tun da safe, a cika gorar ruwa. Wanda ba ya shan giya ya tambayi ruwan inabi zalla marar sa maye.

Bayan Cluny akwai ramin Bois Clair, inda hanyar ta ratsa ta ƙarƙashin tudu tsawon kilomita 1.6, sanyi kamar cikin randa ko da bazara. A tafi da rigar sanyi. Ana rufe shi lokacin hunturu saboda jemagu, sai a zagaya ta kan tudu, kuma hawan ba wasa ba ne.