Yadda za ka hana sabar bincike nuna tsohon farashi

A Jidda nake aiki, ina kula da kwamfutocin wani kanti da ke sayar wa alhazai tsaraba ta intanet: dabino, sallaya, turare, jallabiya. Sabar biyu gare mu, duka Solr, manhajar bincike, ke kansu. Ɗaya ke karɓar kaya da farashi ta gina fihirisa, wato jerin da ake bincike a cikinsa, ɗayar kuma ita ke amsa wa masu saye. Ana saura kwana kaɗan a hau Arfa muka rage kuɗin ajwa da hantsi, har bayan La'asar wata hajiya na ganin tsohon farashi. Da ta kira ta ce, "Ɗana, wanne zan yarda da shi?" na ji nauyi ƙwarai.

Sabar da ke amsa tambaya ba ta san abin da ake rubutawa a ɗayar ba. Kwafi take zuwa ta ɗebo, kuma tun Solr 1.4 na 2009 ta HTTP take ɗebo shi. Saboda haka sabon farashi sai ya yi jira a wuri uku kafin mai saye ya gan shi.

Jiran farko shi ne ya kayar da mu. Lucene, wanda Solr ke zaune a kansa, gunduwa-gunduwa yake rubuta fihirisa, kuma ba a ɗebo gunduwa sai umarnin commit ya tabbatar da ita a faifai. Akwai commit mai laushi, wanda ke nuna canji nan take a sabar da aka yi shi kaɗai, ba ya tsallakawa ko'ina. Shi muke yi a lokacin. In na duba sabar fihirisa sai in ga komai daidai, alhali ɗayar ba ta sami komai ba. Buɗe solrconfig.xml, fayil ɗin saitin Solr, a sabar fihirisa, ka sa wa autoCommit, mai yin cikakken commit da kansa, lokaci. Mu millisakan 60000 muka sa a maxTime, wato minti ɗaya. Sannan a replicateAfter, mai faɗin lokacin da za a iya ɗebo kwafi, ka rubuta commit, ka ƙara startup domin ranar da aka sake kunna na'ura.

Na biyu yana wajen sabar tambaya, pollInterval, wato tazarar da take yi kafin ta sake zuwa duba sabon kwafi. Awa, minti, daƙiƙa ake rubuta shi, namu 00:00:30. In ka bar shi babu, ba za ta je dubawa da kanta ba sam.

Na uku, in kwafin ya sauka, sai ta buɗe sabon mai bincike ta ɗumama ma'ajiyarsa, wato ta cika ta da amsoshin tambayoyin baya, tsohon kuwa na ci gaba da amsawa har a gama. In autowarmCount, adadin abin da ake ɗumamawa, ya yi yawa ɗumamar na daɗewa, rage shi. Haɗa jiran nan uku ka faɗa wa maigida adadin, ya san lokacin da zai sanar da rangwame. Namu bai kai minti biyu ba.

Kada ka yarda da ido. Tura command=indexversion zuwa /replication a kowace sabar, lambobin su zo ɗaya. In sun bambanta, umarnin fetchindex zai sa sabar tambaya ta ɗebo nan take.

Don Allah ka yi hattara da optimize. Yana haɗe gunduwoyin su zama ɗaya, dole sabar tambaya ta sake kwaso fihirisar dukanta. A nan da dare ake ciniki, musamman a Ramadan, don haka in ya zama dole, bayan Asuba nake yin sa.