Darasi na 7: Mota Ta Ɗan Bugu, Wa Zai Gyara?

Ba kowane bugu ne ke kai mota gareji ba. Kafin ka yanke shawara, wanke wurin da ruwa da sabulu, ka duba shi cikin hasken rana. Idan motar na da inshora, ɗauki hoto tukuna, domin kamfanin na iya ƙin biya idan ka riga ka taɓa wurin.

Fentin mota hawa uku ne: firaima, wato fentin farko da ke kama jikin ƙarfe, sai launi, sai mai sheƙi a sama. Ja farcenka a kan karcen. Idan ya wuce sumul, hawan sama ne kawai ya taɓu, man goge fenti da tsumma mai laushi sun wadatar. Idan farcen ya maƙale, karcen ya yi zurfi. In kuwa kana ganin ƙarfe tsirara, kada ka yi jinkiri, ruwa na taɓa shi tsatsa za ta kama, ta riƙa ci ta ƙarƙashin fenti.

Ƙaramin wuri irin wannan za ka iya rufe shi da kanka. Nemo lambar launin motarka, yawanci tana kan wata 'yar takarda a jikin ginshiƙin ƙofar direba ko a ƙarƙashin bonet. Kada ka sayi fenti da ido, farar mota ma fari iri-iri ne. Goge wurin da samfefa a hankali. Ka tuna, samfefa mai babbar lamba ita ce mai laushi: 400 kafin firaima, 2000 da ruwa a ƙarshe. Riƙe gwangwanin feshi nesa da kamar santimita 20, ka fesa kaɗan-kaɗan, ka bari ya sha iska kafin ka ƙara. Mai gaggawa kan zabga shi lokaci guda, fentin ya zubo ya daskare, aiki ya koma biyu. Yi aikin a inuwa, inda iska ke shiga, ka rufe hanci da baki.

Bambar roba da ta lotsa takan dawo idan aka kwara mata ruwan zafi aka tura ta daga ciki.

To, duk wannan ciwon fata ne. Idan abin ya kai ga ƙashi, wato ƙarfen ginin motar, sai mai gyaran bodi. Buɗe ƙofofi da but da bonet ka rufe: akwai wanda ke cijewa? Dubi tazarar da ke tsakanin ƙofa da jikin mota, hagu da dama, ko ta yi daidai. Leƙa ƙarƙashi ko ruwan lagireto na ɗiga. Tuƙa ta a hankali a miƙaƙƙiyar hanya, ka ji ko sitiyari na janka gefe guda. Ɗaya daga cikin waɗannan ya isa ka ajiye samfefa. Haka nan idan fitilar jakar iska (jakar da ke kumbura ta kare mutum a hatsari) ta kunnu, ko kuma bambar na ɗauke da na'urorin gano kusancin abu, waɗanda ake saitawa da kwamfuta.

A gareji ma ka buɗe ido. Tambayi mai gyara: zai bugo ƙarfen ne ya fito, ko fila zai cika, wato kwaɓin da ake cike lotsawa da shi? Fila mai kauri takan tsage daga baya. Ka sa a rubuta maka aikin da kuɗinsa kafin a fara.

Aiki: Nemo lambar launin wata mota, ka rubuta ta a littafinka, ka zo da ita aji.