Yadda Ake Kiyaye Abinci Lokacin Shan Magani

Ƙwayar da ka haɗiya ba duka take isa cikin jini ba. A bangon ƙaramin hanji da cikin hanta akwai wasu sinadarai, inzayim, da ke farfasa wani kaso nata tun a hanya, kuma da wannan ragin likita ya auna adadin da ya rubuta maka. Babbansu shi ne CYP3A4. Abinci na iya kashe masa ƙarfi, magani ya taru ya yi yawa, ko ya zuga wani ɗan'uwansa, magani ya ƙare da wuri.

Da farko, buɗe takardar nan ta cikin kwali da yawancinmu ke jefarwa a ƙofar kemis. Nemo inda aka yi maganar abinci.

Sai ka duba ko maganinka ba ya shiri da garehul, babban lemun nan mai ɗaci-ɗaci. A 1989 ne David Bailey da abokan aikinsa a Kanada suka gano haka ba da niyya ba: sun zuba ruwan garehul don ɓoye ɗanɗanon giya a wani gwaji, sai maganin hawan jini na felodifin ya ninka a jinin masu sha. Garehul na lalata CYP3A4 na hanji ne yadda ba ya gyaruwa, sai jiki ya ƙera sabo, abin da kan ɗauki har kwana 3. Kofi ɗaya ya isa. Don haka dabarar shan lemun da safe, magani da dare, ba ta aiki. Bari shi ne kawai. Nifedifin na hawan jini na cikin jerin magungunan da ba sa shiri da garehul, haka simbastatin na rage kolestarol, maganin da taruwarsa a jini ke jawo ciwo da lalacewar tsoka. Lemun zaƙi ba ya wannan ɓarnar.

Na uku, lura da abin da ke zuga hanta. Naman da aka gasa kan gawayi, irin tsire da balangu, da kabeji mai yawa, da hayaƙin taba, duk suna ƙara wa wani inzayim na hanta, CYP1A2, kuzari. Shi ke narkar da tiyofilin na asma da kulozafin na taɓin hankali. Tsinken tsire ɗaya ran Juma'a ba komai. Cin kullum ne, ko bari kwatsam, ke sauya lissafi. Mai shan kulozafin da zai daina taba, ya sanar da likita tukuna, domin maganin zai taru a jininsa.

Idan kana azumi ko ba ka iya cin abinci, kada ka wuce ƙa'idar farasitamol, giram 4 a yini ga babba mai lafiya. Yunwa na rage garkuwar da hanta ke kare kanta da ita daga gubarsa, giya kuma na ƙara yawan gubar.

Ranar asibiti, tafi da kwalayen duka, ka kuma faɗi kowane jiƙo da tsimi da kake sha. Mai harhaɗa magunguna ba zai iya auna abin da aka ɓoye masa ba.